Ƙwan Faɗa-wuta a Gidan Turare

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar wata Alhamis, mai kula da labo, wato ɗakunan bincikenmu na jami'a, ya leƙo ɗakin da muke kiwon ƙwari ya ce kowa ya kwashe kayansa. Na riƙe lokacin ne domin a daidai nan na gama canza wa tsutsotsina ganye, na duba agogo kamar yadda na saba. Rufin ɗakin ya sha ruwan damina har ya kumbura, wani gefe ya fara ruftowa, za a rufe a gyara. Na tambaye shi sai yaushe za a buɗe. Ya ce sai abin da magina suka gani.

Mu huɗu ne a ɗakin. Sauran ukun ƙwarin hatsi suke kiwo, irin waɗanda ko a aljihu aka zuba su tare da gero za su hayayyafa. Suka ɗauki kwalabensu suna ta raha. Ni kuwa na tsaya ina kallon kejina biyu na gidan sauro da kwalabena, ban san inda zan kai su ba.

Aikina a shekarar ƙarshe ta jami'a a kan wani ɗan ƙaramin faɗa-wuta ne, mai launin busasshen ganye, wanda in ya sauka a jikin itace yakan baje fikafikansa ya lafe har ido ya kasa raba shi da ɓawo. Tsutsarsa kowa ya taɓa gani ko bai kula ba. Ba ta da ƙafafu a tsakiyar jiki, don haka sai ta kafa gaba, ta jawo baya har ta lanƙwashe, sannan ta miƙe, kamar mai auna yadi da taƙi. A kan gawo take rayuwa. Abin da malamina ya ɗora mini shi ne in bayyana ƙirar ƙwan, da inda uwar ke ajiye shi, da yadda yake sauyawa har ranar ƙyanƙyasa. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada in tsinto ƙwai a daji in ce na wane ne. In kiwo tsutsa da hannuna har ta zama faɗa-wuta, in haɗa mace da namiji a keji, yadda babu mai yi mini gardama a kan asalin ƙwan.

Gawo kuwa ba ya bin sauran itatuwa. Da damina, lokacin da ko'ina ya yi kore, shi yakan kaɗe ganyensa ya tsaya fayau, sai ruwa ya ɗauke yake toho. Tsutsotsin nan sabon tohon suke so. In ganye ya yi tauri sai su yi ƙaranci, har a neme su a rasa. Ke nan ƴan watanni kaɗan gare ni. Babana kuma, da ke Damagaram, ya riga ya faɗa mini ta waya cewa wannan ce shekarata ta ƙarshe a Yamai. Ya samar mini gurbin koyarwa a wata lakkol kusa da gida. In na gama da takardar shaida a hannu, ya yarda in nemi ci gaba. In ban gama ba, in tattara in dawo. Bai faɗa da faɗa ba. Mutum ne mai magana sau ɗaya.

Ranar na tsallaka gadar kogi da keji biyu a kan cinya cikin taksi, direba yana ta leƙena ta madubi, har muka isa Bukoki, gidan kawuna, inda nake zaune tun da na zo karatu.

Matar kawu, wadda muke kira Tanti, turaren wuta take haɗawa. Sana'ar gidansu ce tun kakanni, kuma a unguwar an san hannunta. Tsakar gidan ba ta da faɗi. A nan take narka sukari, ta zuba guntayen itace, ta juya, ta yayyafa turarukan ruwa, ta ɗura a kwalabe. Kowace tukunya sai an gwada ta a kasko. In aka kawo kayan amarya, a kifa babban kwando a kan kaskon, a shimfiɗa zannuwa, hayaƙi ya yini yana ratsa su. Bayan girbi lokacin bukukuwa ne, garwashi ba ya mutuwa a gidan.

Ta gan ni da kaya ta ajiye ludayi.

"Wannan kuma mene ne, ɗiyata? Kaji aka hana ki kiwo?"

"Aikin makaranta ne, Tanti. An rufe ɗakinmu."

Ta leƙa wata kwalba, ta ga tsutsa tana auna ganye, ta ja da baya. "To Allah ya ba da sa'a. Kar dai su shigar mini cikin sukari."

Ta sa aka kwashe buhunan da ke ɗakina don kejin su sami wuri. Daga ranar matan da ke zuwa sayen turare suka sa mini suna likitar tsutsa. In na wuce sai wata ta ce, "Likita, ya marasa lafiya?" In yi murmushi in shige.

Da farko komai ya tafi daidai. Kullum da sassafe nakan tsallaka kogi zuwa unguwar Lamorde, in bi bayan gidaje zuwa inda gawunan suke, in yanko sabon toho, in kakkaɓe rassa a kan farin ƙyalle in tsince tsutsotsi. Suka ci suka yi ƙiba, suka nutsa cikin yashin da na zuba musu a gindin kwalba, suka kwanta. Bayan kwanaki faɗa-wutar suka fara fitowa da fikafikai a yamutse, su rataye a jikin raga har su bushe. Na ware maza da mata ta ƙahonni: na namiji masu gashi ne kamar gashin tsuntsu, na mace siriri kamar zare. Na haɗa su a keji da reshen gawo a cikin ruwa.

A labo, kafin a rufe ɗakin, na taɓa samun ƙwai masu kyau kaɗan, don haka na san yadda abin ya kamata ya kasance. Macen da ta sadu da namiji ba ta gaggawa. Takan bi reshe tana taɓa shi da ƙarshen cikinta, ta wuce wannan ganye, ta wuce wancan, sai ta sami gefen da ya yi mata ta manna ƙwai ɗaya, wani lokaci biyu, ta ƙara gaba. Ta fi son bakin ƙananan ganye da ɗan kwarin da ke tsakiyar tsinken ganye. Ƙwan bai kai rabin ƙwayar riɗi ba. A kwance yake, ba a tsaye ba, mai ɗan tsawo, a shafe kaɗan, kore mai haske. Da ido ɗigo ne kawai. A ƙarƙashin mikroskop kuwa duk jikinsa zane ne kamar saƙar zuma, kuma a kai ɗaya, wanda ya fi faɗi, zanen yakan taru ya zagaye wata ƴar ƙofa kamar furen da ya buɗe. Ta wannan ƙofa ce iri ke shiga. In ya shiga, cikin ƴan kwanaki koren ya juye ja-ja, daga nan toka-toka, har a hango baƙin kan tsutsar ta cikin ɓawo.

A Bukoki matan suka ƙi yin ƙwai. Kwana da kwanaki suna zaune a jikin raga, ciki a kumbure. Daga baya, da ƙarfinsu ya fara ƙarewa, suka zubar da shi ko'ina: a kan raga, a ƙasan keji, a jikin kwalbar ruwa, tuli a kan tuli, ba zaɓi. Na kwashe da ɗan buroshi mai laushi na kai ɗakin mikroskop, wanda shi ba a rufe ba, sai dai ba a yarda a ajiye abu mai rai a ciki. Ƙwan ba shi da aibi ko ɗaya. Saƙar tana nan, furen yana nan, ƙofar tana nan. Na auna, na zana, na jira. Bai yi ja ba. Ya koɗe ya koma rawaya, gefensa ya lotsa, ya bushe.

Na ce ko tsautsayi ne na zubin farko. Na biyu ma haka ya yi.

A littattafan da na karanta an ce mace ba ta neman namiji da ido. Takan zauna wuri ɗaya ta ɗaga ƙarshen cikinta ta saki wani ƙanshi da hancin mutum ba ya ji, namiji kuma ya bi shi da ƙahonninsa har ya iso. Wata rana da la'asar ina zaune a bakin gado, hasken taga ya ratso, na ga hayaƙi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, yana bi ta ragar keji a hankali kamar ba raga a wurin. Mazan suna manne a kusurwa ɗaya, matan a wata. Ban iya rantsewa cewa hayaƙin ne ba, har yau ma ba zan rantse ba. Zai iya zama zafin ɗakin, ko fitilar mai shagon da ke jikin tagarmu. Amma daga ranar zuciyata ta tsaya a kan turaren.

Na gwada abin da zan iya ba tare da na buɗe baki ba. Na toshe ƙarƙashin ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, ɗakin ya zama tanda. Na ɗora keji a saman katanga ta bayan gida, rana ta kashe rabin ƙwarin kafin in dawo. Wata abokiyar karatuna da ke kwana a ɗakunan ɗalibai ta karɓi keji ɗaya. Na roƙe ta ta sa ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa. Ta sa, amma ruwan ya ƙafe a ƙarshen mako tana gidansu, kiyashi suka hau suka bar mini fikafikai kawai. Ta yi ta ba ni haƙuri har ni na koma ina ba ta.

Akwai hanya ɗaya da ta rage, wato a kafa fitila a gindin gawo bayan duhu a kamo matan da suka riga suka sadu da maza a daji. Na gaya wa kawu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi amana aka ba shi, kuma ba zai iya gaya wa babana cewa ɗiyarsa tana bayan gari a hayin kogi bayan isha'i tana kamun ƙwari ba. Wani ɗan ajinmu ya yi mini alheri ya je sau ɗaya. Ya kawo kwalba cike da ƙwari iri-iri. Nawa a ciki kaɗan ne, kuma duk maza.

Saura in yi wa Tanti magana. Wannan ya fi komai yi mini nauyi. Shekara huɗu ina cin tuwonta, ba ta taɓa nuna mini bambanci da ɗiyan cikinta ba, kuma tukunyar turaren nan ita ke riƙe da rabin gidan. Na shirya maganar a raina sau da yawa, in fito tsakar gida, in gan ta da ludayi, in ce sannu da aiki, in koma.

Ranar da na iya, da hantsi ne, tana ɗura kwalabe ita kaɗai. Na durƙusa gefenta ina miƙa mata murafe. Na yi mata bayani ina kallon ƙasa, na mace da ƙanshinta, da namiji da ƙahonninsa.

Ta tsaya da ɗuri. "Tsaya in gane. Wato mijin ba ya jin ƙanshin matarsa saboda nawa ya danne shi?"

"Kusan haka ne, Tanti. Zato nake, ban tabbata ba."

Ta tuntsire da dariya har ta dafa ƙasa. "Ikon Allah! Tun ina budurwa nake gyara aure da hayaƙin nan, yau ga shi an ce ina kashewa." Ta share ido da bakin zane. Sai ta dube ni sosai. "Shi ya sa kika rame haka?"

Na miƙa mata wani murfin.

"Kwana nawa suke so, angon da amaryar taki?"

Na ce ko mako ɗaya ma ya isa.

Washegari ta ɗauko mai amalanke, aka kwashe kasko da kwando da tukunya zuwa gidan ƙanwarta a Talaje. Mako guda tana fita da safe ta dawo da magariba a gajiye, ƙafafunta sun kumbura, ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "Likita, an ɗaura?" Na wanke ragar keji da sabulu mara ƙanshi, na wanke labule, na fitar da tabarma, na canza yashi. Duk da haka in ka shigo daga waje ƙanshin ne ke fara tarbarka. Yana cikin bango. Yana cikin littattafaina da hijabina. A taksi mata sukan tambaye ni inda nake sayen turare.

Amma ba wannan ne ya kashe makon ba. A irin waɗannan ƙwari maza sukan riga mata fitowa daga ƙasa. Na san haka, na kuma lissafa, sai dai sanyin da ya fara shigowa ya jinkirta matan fiye da yadda na zata. Cikin tsutsotsin da suka rage mini a kwance a yashi, mazan suka fito a farkon makon, suka yi ta bugun raga har fikafikansu suka yage. Mace ta farko ta fito ranar da na kwashe gawar namiji na ƙarshe. Ɗaki ba hayaƙi, reshe sabo a cikin ruwa, mata a jere a jikin raga kowace ta ɗaga ciki tana kira, babu mai amsawa.

Tanti ta dawo da kayanta ranar da ta ce za ta dawo, ga kayan amare sun taru suna jiranta. Da ta tambaye ni na ce mata an gode, ana nan ana dubawa. Da yamma ta aiko mini da fura mai sanyi.

Na koma Lamorde neman wasu tsutsotsin. Ganye ya riga ya yi tauri ya yi duhu, masu kiwon raguna kuma sun sassare ƙananan rassa. Na yini ina kakkaɓa a kan ƙyalle, abin da ke faɗowa gizo-gizo ne da busassun furanni. Na yi haka kwanaki, har wata tsohuwa da ke wucewa da itace a ka ta tambaye ni ko wani abu na yar. Ɗakin kiwon ƙwari kuwa an buɗe shi bayan wannan da ɗan lokaci, da sabon rufi da sabon fenti. Na shiga na ga teburina a goge. Ba ni da abin ɗorawa a kai.

Abin da ke hannuna shi ne ƙwai masu yawa da ba su ƙyanƙyashe ba, da zane-zanen da na yi musu. A nan na kama wani tunani na riƙe shi da hannu biyu. Ɓawon ƙwai a cikin uwa ake gama ƙera shi, tun kafin iri ya shiga. Saƙar, furen, ƙofar, duk an riga an yi su. Ke nan ɓawon ƙwan da ba a sadu ba daidai yake da na wanda aka sadu. In haka ne, bayanina a kan ƙira yana nan da ƙarfinsa. Sai a rage taken aikin, a cire ƙyanƙyasa, a bar ƙirar ƙwai. Na zauna na rubuta shi haka, na gyara kowane zane, na sake auna abin da na riga na auna.

Malamina, wanda muke kira Mushe kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, a lokacin yana yawan tafiya, yana da ɗalibai a gonakin gwaji nesa da gari. Nakan zauna a benci a ƙofar ofishinsa da takarduna a cinya. In ya zo yana sauri, in miƙe in gaishe shi, ya ce, "A'a, ke ce? Ki dawo jibi." Jibi in tarar da ƙofa a kulle. Babana ya kira ya ce shugaban lakkol ɗin yana tambaya ko a ba wani gurbin. Na ce masa ina jiran magana ɗaya ce daga malamina.

Na same shi wata Talata da azahar, yana cin gyaɗa a kan tebur, fanka tana kaɗa takardu. Ya nuna mini kujera. Ya buɗe aikin ya yi ta juyawa, ya daɗe a kan zanen ƴar ƙofar, ya kawo shi kusa da ido.

"Ke kika zana wannan?"

"Ni ce, Mushe."

"Da hannu?"

"Da hannu."

Ya gyaɗa kai. Na faɗi abin da na zo da shi duka: rufin ɗaki, gidan turare, mazan da suka riga mata, da maganar ɓawo. Bai katse ni ba.

"Maganarki ta ɓawo gaskiya ce," ya ce. "Iri ɗaya ne. Ni na yarda. Amma taken da aka amince da shi ya ce har zuwa ƙyanƙyasa, kuma lokacin canza take ya wuce tun tuni. In na kai ki gaban masu jarrabawa, tambayar farko da za su yi miki ita ce kwana nawa yake ƙyanƙyashewa, kuma a ina uwar ke ajiye shi. Me za ki ce? A jikin gidan sauro?"

"Na ga kaɗan a labo kafin a rufe, Mushe."

"Kaɗan ba ya tsayawa gaban mutum uku masu jan biro." Ya rufe aikin ya ɗora hannu a kai. "Ki sake rajista. Gawo zai sake toho, ɗaki ga shi an gyara. Da hannun nan naki wata biyu sun ishe ki."

Na ce masa baɗi ba na nan. Na gaya masa abin da babana ya ce. Na tambaye shi ko akwai wata hanya, ko wace iri ce, da zan gabatar da aikin a bana.

Ya murza ɓawon gyaɗa a tsakanin yatsu. Ya dubi taga, ya dubi takardun, sannan ya dube ni.

"A bana babu, ɗiyata. Da akwai da na faɗa miki." Ya jawo aljihun tebur ya buɗe. "In tafiyar ta tabbata, ki bar mini zanen nan da kejin. Akwai wanda zai zo baɗi, sai ya ɗora daga inda kika tsaya."